Tambaya da Amsa: Idan Rumbun Bayanai Ya Ƙi Lissafa Kwanan Wata

Assalamu alaikum, masu karatu. A cikin wasiƙun wannan wata na ware huɗu waɗanda garuruwansu daban, amma ciwonsu ɗaya. An sa kwamfuta ta ƙara kwanaki a kan wata rana, ko ta faɗi tazarar da ke tsakanin ranaku biyu, sai ta tsaya cak, ko ta kawo amsar da hankali ba zai ɗauka ba. A zagayen da nake yi a ƙauyukan Ringim da Taura ina duba wa ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin manoma rajistarsu, babu kukan da ya kai wannan yawan zuwa kunnena. Na taƙaita wasiƙun saboda fili.

Daga wata ma'aikaciyar lafiya, wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Ringim

Malam, barka da aiki. Ni ce mai riƙe da rajistar riga-kafin yara a asibitinmu. Da sunayen suna cikin Excel, sai wani ɗan'uwa ya taimaka ya kwashe su zuwa manhajar rumbun bayanai ta Microsoft Access. Na haɗa kuweri (tambayar da ake yi wa rumbun bayanai) mai lissafa ranar allurar Penta ta farko, wato sati shida bayan haihuwa, na rubuta CDate([RanarHaihuwa])+42. In na buɗe shi haka nan, ranakun suna fitowa. Amma da zarar na sa sharaɗin <Date() don in ga yaran da lokacinsu ya wuce, sai ta rubuto mini "Data type mismatch in criteria expression", ko suna ɗaya ba ta nunawa. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan hidima. Ki kwantar da hankalinki, kwamfutar lafiyarta ƙalau, lissafinki ma daidai yake, sati shida kwana 42 ne. Kin umarce ta ta gwada ranar allura da ranar yau, ita kuma da ta bi layukan sai ta iske wani layin da babu rana a cikinsa. Abin da take kuka a kai ke nan.

Kowane gurbi a teburin Access yana da nau'insa: akwai na rubutu, akwai na lamba, akwai na kuɗi, akwai na kwanan wata. Tunda lissafin bai yi miki ba sai da CDate, wadda ke juya rubutu zuwa kwanan wata, ina kyautata zaton gurbin RanarHaihuwa na rubutu ne. Haka yakan faru in an kwaso daga Excel, domin Excel ba ta hana kowa rubuta abin da ya ga dama a kowane gida, kuma in Access ta tarar da abu a cakuɗe sai ta ɗauke shi duka a matsayin rubutu. Ga hanyar ganewa da ido: ki buɗe teburin ki duba. Rubutu hagu yake jingina a cikin gidansa, lamba da kwanan wata kuwa dama suke jingina. In ranakunki sun manne a hagu, to kama da kwanan wata kawai suka yi, a wurin kwamfuta haruffa ne.

To me ya sa kuwerin ke buɗewa lafiya in babu sharaɗi? Saboda a lokacin, duk layin da ya gagare ta sai ta rubuta #Error a gidansa ta wuce gaba. Ki gangara ƙasa a hankali, za ki gan su. Amma in kin sa sharaɗi, dole ta auna kowane layi kafin ta san wanda za ta nuna da wanda za ta bari, kuma layin da ya ƙi aunuwa yakan rushe aikin gaba ɗaya. Tsakuwa guda ce a cikin kwanon gero, ita ke tsayar da injin niƙa ko da sauran hatsin tas yake. Wani lokaci saƙon da zai fito shi ne "Invalid use of Null", in abin da ta ci karo da shi gida ne fanko, domin CDate ba ta karɓar fanko sam.

Ga yadda za ki zaƙulo layukan. Ki buɗe sabon kuweri, ki shiga wurin rubuta SQL, wato harshen ba rumbun bayanai umarni, ki rubuta wannan, ki sa sunan teburinki a madadin Yara:

SELECT * FROM Yara WHERE IsDate([RanarHaihuwa])=False;

IsDate tambaya ɗaya take yi wa kowane gida: wannan zai iya zama rana ko ba zai iya ba? Waɗanda suka fito su ne masu laifin, kuma zan iya gaya miki irinsu tun kafin ki buɗe. Za ki ga 31/04/2024, alhali Afrilu kwana 30 ne. Za ki ga 29/02/2023, alhali Fabrairu ba ta kai 29 a wannan shekara ba, sai a 2024. Za ki ga inda aka danna harafin O a madadin sifili, da shekara mai lamba biyar saboda yatsa ya zame. Za ki ga gidajen da aka bari babu komai. Sannan za ki ga inda mai rubutu ya faɗi gaskiyar abin da aka gaya masa: "bayan Sallah", "da kaka", "ba a sani ba". Akwai kuma wani da IsDate ba za ta kama ba, ki neme shi da kanki: wanda aka rubuta rana da wata babu shekara, kamar 12/3. Kwamfuta za ta karɓe shi ta liƙa masa shekarar da ake ciki, yaron bara ya koma jaririn bana.

In ranar riga-kafi ta matso kuma kina son jerin ya fito yau, ki canja lissafin zuwa wannan:

IIf(IsDate([RanarHaihuwa]), CDate([RanarHaihuwa])+42, Null)

Ma'anarsa, in rana ce a lissafa, in ba rana ba ce a bar gidan fanko. In kin ga amsar ta jingina hagu, ki naɗe lissafin duka a cikin CVDate, wadda take aikin CDate amma tana haƙuri da fanko. Wannan na wucin gadi ne. Gyaran dindindin shi ne ki fara kwafe fayil ɗin a filash ki ajiye gefe, ki ƙara sabon gurbi mai nau'in Date/Time, ki kwashe ranakun da suke daidai zuwa cikinsa, sauran kuma ki ɗauko littafin rajista na takarda ki gyara su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki je tsohon gurbin ki juya nau'insa kai tsaye. Access za ta yi miki gargaɗi sau ɗaya, in kin amsa mata sai ta goge duk abin da ta kasa juyawa, har da "bayan Sallah" ɗin nan da zai taimake ki gano ranar. A sabon gurbin ki sa ƙa'idar <=Date() a wurin Validation Rule, don kada a sake haifar yaro a shekara mai zuwa.

In kin koma amfani da DateAdd, mai ƙara kwanaki ko sati ko wata a kan rana, don allurar sati 10 da ta sati 14, ki kula: alamar sati "ww" ce, harafi biyu. In kin rubuta "w" guda, kwana za ta ƙara. Ta ƙyanda a wata 9 kuma "m" ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, ko da yake ba ki tambaya ba. Wani zai zo ya ce miki abu mai sauƙi ne, ki sa Nz ta cike gidajen fanko da wata rana, 1/1/1900 ko ranar yau, saƙon zai ɓace. Gaskiya ne zai ɓace. Ina roƙonki kada ki yarda. In kin cike da ranar yau, wannan yaro kullum jiya-jiya aka haife shi a idon kwamfuta, sati shidansa ba zai taɓa cika ba, sunansa ba zai taɓa fitowa a jerin waɗanda za a bi gida ba. In kin cike da 1900, zai fito da shekara ɗari da ashirin da wani abu, wata rana wani ya ga shirme ne ya share layin. Kuma ki tuna wane ne yaron da ba a san ranar haihuwarsa ba. Galibi shi ne wanda aka haifa a gida a can rugage ko unguwannin bayan gari, uwarsa ba ta samu zuwa awo ba, ba shi da kati. Duk cikin rajistar babu wanda ya kai shi bukatar a neme shi. Ko gyaran IIf da na ba ki yana da wannan haɗari, domin gida fanko ba ya cika sharaɗin <Date(), don haka yaron zai fita daga jerin shiru. Saboda haka kuwerin IsDate na sama kada ki goge shi. Ki ba shi suna, ki riƙa buga shi tare da babban jerin duk sati, ki miƙa wa masu zagayen gida-gida.

Ranar kuma ana iya kusantarta in an zauna da uwa. Ki tambaye ta ranar suna, ki cire kwana 7. Ki tambaya ko kafin azumi ne ko bayansa, ko an yanke gero ko ba a yanke ba. Lakabin yaro ma shaida ne: Talatu da Laraba da Jummai da Ɗanlami sun riga sun gaya miki ranar mako, Azumi kuma ta gaya miki wata. In kin samu rana mafi kusa ki rubuta ta a gurbin kwanan wata, ki buɗe wani ƙaramin gurbi na eh ko a'a mai suna Kintace ki yi masa alama, don duk wanda ya gaje ki ya san wadda aka tabbatar da wadda aka kintata.

Daga sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa, yankin Auyo

Malam, muna ba mambobinmu rancen taki da iri a noman rani, su biya bayan kwana 120. Na lissafa ranar biya da DateAdd, na naɗe ta da Format don ta fito rana, wata, shekara yadda muka saba. Matsalata biyu. In na jera, wanda zai biya 02/06 yana hawa kan wanda zai biya 15/04. Ta biyu ta fi ciwo: wani dattijo ya karɓi taki ranar 5 ga Disamba 2024, kwamfuta ta nuna wai lokacin biyansa ya wuce tun Satumba, har muka yi sa-in-sa a gaban jama'a.

Amsa: Malam Sakatare, ta farko Format ce ta jawo maka. Duk abin da ya bi ta cikin Format rubutu yake fitowa, ko da rana ce ta shiga. Rubutu kuwa harafi-harafi ake jera shi daga hagu, don haka 02 dole ya riga 15, watan da ke bayansu ba a ma kai gare shi ba. Haka in ka sa masa sharaɗin tsakanin rana kaza da rana kaza, ko dai ya ba ka amsar banza ko ya kawo saƙon da Malama ta gani a sama. Ka cire Format daga cikin lissafin, ka bar DateAdd("d",120,[RanarKarba]) tsurarta. Yadda kake son ta bayyana kuma ka saita shi a Property Sheet na gurbin ko na rahoton, a layin da aka rubuta Format. A can ado ne kawai ake yi wa ranar, ba a taɓa asalinta.

Asalin nata lamba ce. Access tana ƙirga kwanaki ne daga 30 ga Disamba 1899, wadda ita ce sifili a wurinta, don haka 1 ga Janairu 2024 a cikinta 45292 ce. Shi ya sa ƙara 120 yake aiki, shi ya sa kuma wani lokaci za ka ga lamba mai dubu arba'in da wani abu ta fito a inda kake jiran rana: ranar ce, adon ne babu. Excel ma lambar da take ba wannan rana ke nan, ko da yake ita daga 1 ga Janairu 1900 ta fara ƙirga. Abin da ya daidaita su shi ne Excel ta gaji wani kuskure daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3, tana lissafa 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. Daga 1 ga Maris 1900 zuwa yau lambobinsu ɗaya ne. Duk ranar da ka ga 30/12/1899 a rahotonka, ka san wani ya zuba sifili a gidan da ya kamata a bari fanko.

Batun dattijo kuwa, shi ke da gaskiya. Kwana 120 daga 5 ga Disamba 2024 yana kaiwa 4 ga Afrilu 2025. Amma in aka karanta 05/12/2024 irin karatun Amurka, wata kafin rana, ta zama 12 ga Mayu, kwana 120 a kanta kuma 9 ga Satumba. Ka ga inda Satumbar ta fito. Yawancin kwamfutocin hannu da muke sayowa da saitin Amurka suke zuwa, ba wanda ya damu ya canja. Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa. Ka rubuta 05/12, ta ajiye Mayu, ta sake nuna maka 05/12, kai kana karanta Disamba. In kuwa ka rubuta 25/12, ta san babu wata na 25, sai ta gyara da kanta ta nuna 12/25. Don haka ranakun 13 zuwa 31 duk suna shiga daidai, na 1 zuwa 12 ne ke juyewa, sai dai in rana da wata lambarsu ɗaya. Ka leƙa teburinka yanzu: in ka ga ko guda ɗaya da lamba ta tsakiya ta haura 12, saitin Amurka kake kai.

Ka shiga Control Panel, wurin Region, ka mayar da tsarin zuwa Ingilishin Nijeriya ko na Ingila. Amma ka sani wannan ba ya gyara abin da ya riga ya shiga. Ka saita gurbin ya riƙa nuna wata da haruffa, wato dd mmm yyyy, sannan ka ɗauko littafin ƙungiya ka bi duk rancen da ranarsa ta faɗa tsakanin 1 da 12. Ban ba ka shawarar ka rubuta kuweri ya juya su gaba ɗaya ba, musamman in an taɓa shigar da wasu a wata kwamfutar, domin za ka gyara rabi ka ɓata rabi. Wani abu kuma: a cikin rubutun SQL, ranar da aka sa tsakanin alamun # Access karatun Amurka take yi mata ko da saitinka na gida ne. Mafita ita ce ka fara da shekara, #2024-12-05#, wannan ba ta da fuska biyu. In kuwerin naka irin mai tambayar rana ne in an buɗe shi, ka shiga Parameters ka bayyana cewa amsar Date/Time ce, in ba haka ba tana iya ɗaukarta rubutu.

Ƙaramin abu na ƙarshe, tunda za ku zo karɓar biya. In gurbin yana cika kansa da Now(), to har da lokaci yake ajiyewa, a matsayin ɓangaren kwana: .5 shi ne sha biyun rana. Sharaɗin da ya tsaya a 30 ga Afrilu yana nufin sha biyun daren da ranar ta fara, don haka duk wanda ya biya da hantsin 30 ga wata ba zai fito ba. Ka yi amfani da Date() in ba ka bukatar lokaci, ko ka ce ƙasa da 1 ga Mayu.

Dattijon nan kuma, a gaban jama'a aka ce ya ci bashi, a gaban jama'ar ya kamata a wanke shi. Ka kai littafin taron ƙungiya na gaba ka karanta ranar da bakinka. In mambobi suka fara zargin na'urar tana ƙara musu bashi, ba za su sake yarda da ko lissafin da yake daidai ba.

Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta, wani ƙauye kusa da Roni

Yaya, ina haɗa wa mahaifina manhajar lissafin kwanakin da buhunan riɗi suka yi a sito, da rumbun bayanai na MySQL. Na cire ranar shiga daga ranar fita da alamar ragi. Kayan da suka shiga 28 ga Fabrairu 2024 suka fita 1 ga Maris, ta ce kwana 73. Babu wani saƙon kuskure.

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi albarka, aikin da ka ɗauko mai kyau ne. MySQL ba irin Access ba ce. In ka sa ragi tsakanin ranaku biyu, takan mayar da kowace lamba yadda take a rubuce: 20240301 a cire 20240228, saura 73. Muddin ranakun suna cikin wata ɗaya amsar za ta yi daidai, shi ya sa wataƙila gwajinka na farko bai nuna komai ba. Ka rubuta DATEDIFF(ranar_fita, ranar_shiga), za ta ba ka 2, domin Fabrairun 2024 ta kai 29. Ka lura da jerin: a MySQL ta baya-bayan nan ce ke fara zuwa, a Access da SQL Server (wani rumbun bayanai na Microsoft) kuwa tsohuwar ce ke gaba, kuma su sai ka faɗa musu kwana kake so ko wata. Masu kwafo lissafi daga intanet a nan suke samun amsa mai alamar ragi. In ranakunka a gurbin rubutu suke, ka juya su da STR_TO_DATE(rana, '%d/%m/%Y'), ka duba waɗanda suka fito NULL, sannan ka mayar da gurbin nau'in DATE. Ka kuma nemi 0000-00-00, wadda tsofaffin saitin MySQL ke bari ta shiga a madadin fanko. Daga yau duk lissafin rana da ka rubuta, ka gwada shi da ranakun da suka tsallaka wata, da waɗanda suka tsallaka shekara, da ƙarshen Fabrairu, kafin ka miƙa wa Baba.

Daga shugaban wata makarantar Islamiyya, yankin Gwaram

Assalamu alaikum. Mu da kwanan watan Musulunci muke rubuta ranar shigar ɗalibi da ranar saukarsa. Yaron da ke taya mu ya zuba su a Access. Wasu sun shiga, wasu ta ƙi karɓa, kuma da ya lissafa daɗewar ɗalibi a makaranta zuwa yau sai ta ce shekara ɗari biyar da wani abu. Shin na'urar ba ta san Hijira ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, gurbin kwanan wata na Access, in ba a canja masa saiti ba, da kalandar Miladiyya yake aiki, kuma yana karɓar kowace shekara daga 100 zuwa 9999. Da yaron ya rubuta 1445, ba ta ƙi ba, sai ta ɗauka 1445 ta Miladiyya ce. Mu kuwa 1445 ta Hijira a watan Yulin 2023 ta kama. Tazarar da ke tsakani ita ce shekaru ɗari biyar da ɗoriya da Malam ya gani. Waɗanda ta ƙi karɓa kuma, ina zaton in an duba za a tarar yawancinsu na ƙarshen Safar ne. Safar wata na biyu ne, yana iya cika 30, ita kuwa tana ganin wata na biyu Fabrairu ne, wanda ba ya wuce 28 ko 29.

Da a Excel aka zuba su, da ba ta ɗauke su rana ba sam, domin ba ta san abin da ya gabaci 1900 ba, sai ta bar su rubutu. Nau'in datetime na SQL Server kuma daga 1753 ya fara, shekarar da ta biyo bayan komawar Ingila kalandar da ake amfani da ita yanzu, lokacin da suka tsallake kwana 11 a Satumbar 1752. Shi da ya ga 1445 zai ce ta fita daga iyaka. A ganina wanda ya ƙi karɓa ya fi wanda ya karɓa ya yi shiru alheri, domin ya sa an tsaya an duba.

Manhajojin Microsoft sun san Hijira, akwai saitin da ke juya su zuwa gare ta. Sai dai da lissafi suke fitar da watan, mu kuma a nan da ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi muke aiki, don haka ana iya samun saɓanin kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Ga rajistar da za a rubuta wa yaro shaidar sauka da ita, ban so a dogara da wannan juyin ba.

Shawarata, Malam, a riƙa rubuta duka biyun a ranar da abin ya faru. Ta Miladiyya a sa ta a gurbin Date/Time, da ita za a yi duk wani lissafi na tazara. Ta Hijira kuma a buɗe mata gurabe uku na lamba, rana daban, wata daban, shekara daban, a sa ƙa'ida rana kada ta wuce 30, wata kada ya wuce 12. In ana son jeri sai a jera da shekara, sannan wata, sannan rana, kuma a takardar shaida ana iya haɗa su su fito da sunan watan, Rajab ko Sha'aban, yadda aka saba. A tuna shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka in an ce yaro ya yi shekara shida a makaranta, a faɗi da wace kalanda aka ƙirga.

A ja kunnen yaron kan abu guda: DateDiff("yyyy") ba cikar shekara take ƙirgawa ba, sau nawa aka tsallaka 1 ga Janairu take ƙirgawa. Wanda ya shiga 31 ga Disamba, washegari za ta ce ya shekara. Yaron ya riƙa cire ɗaya daga amsar in ranar ba ta zagayo ba tukuna.

Tsofaffin ranakun da aka riga aka rubuta da Hijira kaɗai, a mayar da su gurabe ukun nan yadda suke a littafi, kada a taɓa su. Ta Miladiyyarsu a nemo ta daga kalandar bango ta shekarar in akwai wanda ya adana, in babu a juya da manhaja a yi mata alamar kintace. Wanda aka rubuta da daddare, kamar saukar da aka yi bayan Magariba, a duba shi sau biyu, domin a Hijira sabuwar rana ta riga ta shiga, a Miladiyya kuwa sai sha biyun dare.